Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Renda Mai Cibiyoyi Da Yawa

Minti ɗaya na hoto mai motsi, a ƙa'idar firam 24 a kowace daƙiƙa, yana ɗauke da firam 1,440. Idan kwamfutarka tana cin minti goma kafin ta gama firam guda, wannan minti ɗayan zai ci maka kwana goma cur, dare da rana. In ka sauko da lokacin zuwa minti uku, aikin ya koma na kwana uku. Wannan lissafin ne yake tura masu aikin 3D neman inji mai ƙarfi, kuma yawancinsu da tambaya ɗaya suke farawa: cibiya nawa firosesar take da ita, wato sassan lissafi (core) nawa ne a cikinta? Tambaya ce mai kyau, sai dai ba ita ya kamata ta zo a farko ba. Akwai waɗanda suka sayi firosesa mai cibiya 64 alhali manhajarsu da katin hoto take aiki, akwai kuma waɗanda suka sayi kati mafi tsada alhali aikin nasu ya fi ƙarfin ma'ajiyar katin. Bari mu bi matakan bisa jerin da ya dace.

Mataki na farko: gano da me manhajarka take renda

Renda ita ce matakin da kwamfuta take ɗaukar fagen da ka gina, da siffofinsa da fitilunsa da kyamararsa, ta bi diddigin haske, ta lissafa launin kowane ɗigo na hoton. Abin da ya sa aikin ya dace da cibiyoyi masu yawa shi ne, ɗigon da ke saman hoto ba ya jiran na ƙasa. Ana iya yayyanka hoton a raba wa kowace cibiya nata kason, kowa ya yi nasa. A nan kam sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

To amma yawan wa? Injinan renda, wato manhajojin da suke yin wannan lissafi, sun kasu kashi uku. Corona na kamfanin Chaos da firosesa yake aiki. OctaneRender na OTOY da katin hoto yake aiki, haka ma Redshift na Maxon, asalinsa don kati aka gina shi. Cycles na Blender da V-Ray da Arnold suna iya amfani da kowanne, ko da yake Arnold ya yi suna ne a kan firosesa kafin a ƙara masa ɓangaren kati. Idan da Corona kake aiki, kuɗinka su tafi ga firosesa da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki a cikinta, kati matsakaici ya ishe ka. Idan da Octane ko Redshift ne, firosesa mai cibiya 96 za ta zauna kusan babu aikin yi yayin da katin yake ta gumi. Masu Cycles su ne suke da zaɓi, kuma a yau, matuƙar fagen zai shiga cikin ma'ajiyar kati, kati mai kyau yakan riga firosesa gamawa da nisa, musamman tun da Nvidia ta fara sa sassan bin diddigin haske a katunan RTX a 2018.

Kada ka wuce wannan matakin sai ka rubuta sunan injin rendarka da abin da yake amfani da shi. Duk sauran shawarwarin a kansa za su hau.

Mataki na biyu: auna aikinka na gaske

Ɗauki fage mafi nauyi da ka taɓa ginawa, ka sa shi renda a kwamfutar da kake da ita yanzu. Buɗe Task Manager a Windows, ko htop a Linux, ka zuba ido. Za ka ga abu biyu. Da farko, na ɗan lokaci, cibiya ɗaya ko biyu ne kawai suke aiki, sauran suna kwance. Lokacin ne manhajar take karanta fayiloli, tana tsara siffofi, tana shirya taswirar da haske zai bi. Daga nan sai duk cibiyoyin su tashi gaba ɗaya su kai ƙarshen ma'auni. Rubuta tsawon kowane ɓangare, sannan ka rubuta iyakar RAM ɗin da aikin ya ci.

Ga dalilin wannan awo. A 1967 injiniya Gene Amdahl ya bayyana ƙa'idar da har yau take aiki: ɓangaren aikin da ba ya rabuwa shi yake ƙayyade iyakar saurin da za ka samu, komai yawan ma'aikatan da ka ƙara. A ce kashi 5 cikin 100 na lokacin firam ɗinka shiri ne da cibiya ɗaya take yi. Da cibiya 16 za ka samu saurin kusan ninki tara, ba goma sha shida ba. Da cibiya 64, kusan ninki goma sha biyar. Ko da cibiya dubu ka tara, ba za ka haura ninki ashirin ba. Saboda haka mai yin hoton gini guda ɗaya mai cin awanni zai ci moriyar kowace cibiya da ya saya, domin shirin ɗan ƙarami ne a kan tsawon aikin. Mai yin fim ɗin zane mai gajerun firam, wanda rabin lokacin kowane firam shiri ne, zai biya kuɗin cibiyoyin da ba za su yi masa aiki ba.

Ka kuma tuna cewa ba renda kaɗai za ka yi da injin ba. Sassaƙa siffa, motsa ƙasusuwan mutum-mutumi, juya kyamara a fage, yawancin waɗannan sun dogara ne ga saurin cibiya guda. A nan ne manyan firosesoci suke ɗan ja da baya. Threadripper Pro 7995WX mai cibiya 96 tushen saurinta gigahaz 2.5 ne, tana kaiwa 5.1 idan aiki ya yi sauƙi. Ryzen 9 7950X mai cibiya 16 tana farawa daga 4.5 ta kai 5.7. A hannun mai sassaƙa, ƙaramar takan fi babbar daɗin aiki.

Mataki na uku: zaɓen firosesa, da batun soket biyu

Firosesocin da suka shafi wannan aiki hawa uku ne.

Hawa na farko shi ne na kwamfutar tebur: Ryzen 9 mai cibiya 16 da zare 32 (zare shi ne layin aikin da cibiya take riƙewa, a nan biyu ga kowace cibiya), ko Core i9 na Intel, wanda tun 2021 yake haɗa manyan cibiyoyi da ƙanana a jiki ɗaya. Misali, 13900K tana da manya takwas da ƙanana goma sha shida, don haka kada ka kwatanta 24 ɗinta da 24 na wata firosesa kai tsaye. Wannan hawan yana da hanyoyin RAM biyu kacal da layukan PCIe kaɗan, wato hanyoyin da kati da faifai suke haɗuwa da firosesa. Ga mai renda da kati ɗaya, ni a ganina babu abin da ya fi shi dacewa.

Hawa na biyu shi ne na injinan aiki na gaske. AMD ta fara nata jerin da Threadripper 1950X mai cibiya 16 a 2017, ta kai 64 da 3990X a 2020, sannan 96 da Pro 7995WX a 2023. Intel tana da jerin Xeon W-3400, wanda babbarsu w9-3495X take da cibiya 56. Abin da kake saye a nan ya wuce yawan cibiya. Kana sayen hanyoyin RAM huɗu ko takwas, da RAM mai gyara kuskuren kansa, da layukan PCIe har 128 a kan Threadripper Pro, wato gurbin katuna da yawa da faifai masu sauri ba tare da sun yi rububin hanya ba.

Hawa na uku shi ne firosesa biyu a kan babban allo (motherboard) ɗaya, wato Xeon biyu ko EPYC biyu. A da, wannan ita ce kaɗai hanyar tara cibiyoyi a akwati guda, shi ya sa tsofaffin kwamfutocin renda da yawa masu soket biyu ne, wato mazaunin firosesa biyu. Yanzu da soket ɗaya yake ɗaukar 96, dalilin ya ragu ƙwarai, matsalolin kuwa suna nan. Babbar cikinsu ita ce tsarin da ake kira NUMA. Kowace firosesa tana da nata RAM da ke kusa da ita. Idan cibiyar da ke firosesa ta farko tana neman bayanin da ke cikin RAM na ta biyu, dole ya ratso ta gadar da ke tsakaninsu, kuma hakan ya fi jinkiri. A renda kowane haske yana iya faɗa wa kowane sashe na fage, saboda haka wannan ratsawa ba ta yankewa. Firosesa biyu ba sa ba da ninki biyu cif, sannan sun fi cin wuta, sun fi ƙara, allonsu ya fi girma har ba kowane akwati yake ɗaukarsa ba.

Akwai kuma shingen Windows. Nau'in Home soket ɗaya kawai yake gani, kuma iyakar RAM ɗinsa gigabait 128. Pro yana ganin soket biyu, Pro for Workstations har huɗu. Bayan haka, Windows ya daɗe yana kasa zare gungu-gungu na 64, kuma manhajar da ba a rubuta ta da sanin wannan ba takan maƙale a gungu ɗaya. Fitowar 3990X mai zare 128 ce ta fito da matsalar fili, inda wasu manhajoji suka riƙa aiki da rabin firosesar kawai. Windows 11 ya sassauta lamarin, manyan injinan renda ma sun gyara nasu, amma in kana riƙe da tsohuwar sigar manhaja, bincika kafin ka saya. Linux ba shi da wannan shinge, yana ɗaya daga cikin dalilan da manyan ɗakunan fim suke renda da shi.

Sau da yawa ana samun tsofaffin injinan Xeon biyu da aka sauke daga ofisoshi da araha, kuma yawan zarensu yana jan ido. Kafin ka yi zumuɗi, nemi makin da firosesar ta ci a gwajin Cinebench na Maxon ko a Blender Open Data, ka ajiye shi kusa da na sabuwar firosesa mai cibiya 16. Ba abin mamaki ba ne ka tarar sabuwar guda ɗaya ta kama tsofaffin biyu ko ta wuce su, da ƙasa da wutar da suke sha. Inda tsohon injin yake da amfani shi ne idan abin da kake nema RAM ne mai ɗimbin yawa da kuɗi kaɗan.

Game da zare: cibiya ɗaya mai zare biyu ba cibiya biyu ba ce. Dabara ce ta hana cibiyar zaman jira, kuma a renda tana ƙara sauri sosai, amma ba ninki ba. Bar ta a kunne.

Mataki na huɗu: RAM, yawansa da hanyoyinsa

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe.

Fage dole ya shiga RAM gaba ɗayansa. Da zarar ya cika ya tumbatsa, kwamfuta takan fara ajiye ragowar a faifai, saurin ya faɗi warwas, ko manhajar ta rufe kanta a tsakiyar dare. Abin da yake yaudarar mutane shi ne girman fayil a faifai. Hoton lulluɓi, wato hoton da ake shimfiɗa wa jikin siffa, mai faɗin ɗigo 4096 da tsayin 4096 yana iya zama 'yan megabait a matsayin JPEG, amma idan aka buɗe shi a RAM da launuka huɗu, bait ɗaya kowanne, ya zama megabait 64. Mai 8192 ya zama 256. Idan kuma mai zurfin bit 32 ne, ka ninka da huɗu. Jikin abu ɗaya yakan ɗauki lulluɓi huɗu ko biyar: na launi, na kaushi, na tudu da kwari, na ƙyalli. Lulluɓi ɗari na 4K masu cikakken launi sun haura gigabait shida tun kafin a zo maganar siffofi, gashi, ciyawa ko hayaƙi. Masu kwaikwayon ruwa da wuta a Houdini su suka fi kowa sanin yadda RAM yake ƙarewa.

Ɗauki adadin da ka rubuta a mataki na biyu ka ninka shi biyu, domin aikin baɗi zai fi na bana nauyi, kuma kana so ka buɗe wasu manhajojin yayin da renda take tafiya. A ra'ayina, injin da aka gina don wannan sana'a bai kamata ya gaza gigabait 64 ba, mai cibiya 64 zuwa sama kuwa ya fara daga 128.

Sai batun hanyoyi. Ka ɗauka ma'aikata sittin ne suke ɗebo kaya daga ɗaki mai ƙofa biyu: ƙarin ma'aikata ba zai ƙara komai ba sai tsawon layi. Firosesa mai hanyoyin RAM takwas tana buƙatar sanda takwas kafin hanyoyin su buɗe duka. Idan ka sa mata manyan sanduna biyu don ka bar gurbin ƙari nan gaba, ka toshe shida da hannunka. Gara sanda takwas na gigabait 16 da sanda biyu na 64. A allunan Threadripper, TRX50 hanya huɗu ne, WRX90 takwas, kuma dukansu sandunan RDIMM suke karɓa, na kwamfutar gida ba za su yi aiki a kansu ba.

A hawan tebur abin ya juya. Allon AM5 na Ryzen yakan zo da ramuka huɗu amma hanyoyi biyu ne. A ƙa'idar AMD, Ryzen 7000 da sanda biyu yana gudu a DDR5-5200, da sanda huɗu ya sauko zuwa 3600. Don haka a nan manyan sanduna biyu sun fi ƙanana huɗu. A kowane hali, sayi sandunan a ƙunshi ɗaya, iri ɗaya, ka duba jerin waɗanda kamfanin allon ya gwada ya amince da su.

RAM mai gyara kuskure, wato ECC, yana kama bit ɗin da ya juye ya daidaita shi kafin ya ɓata aiki. Ga injin da zai yi kwanaki yana gudu babu hutu, na fi son sa.

Mataki na biyar: katin hoto

Ga mai renda da kati, tambayar farko ita ce girman ma'ajiyarsa, sauri ya biyo baya. RTX 3090 da 4090 suna da gigabait 24, RTX 5090 na 2025 yana da 32, RTX 6000 Ada na ƙwararru yana da 48. Idan fage ya fi ma'ajiyar, wasu injinan kamar Redshift da Octane suna iya jingina da RAM na kwamfuta, amma saurin yakan ragu, wani lokaci kuma saƙon kuskure kawai za ka gani.

Abin da ya kamata ka riƙe da kyau: kati biyu suna kusan ninka sauri, amma ba sa haɗa ma'ajiya. Kowane kati yana ɗaukar cikakken kwafin fagen. Biyu masu 24 ba su zama 48 ba, 24 ne har yanzu, kuma in ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta, ƙaramin ne zai zama iyaka. Gadar NVLink da take ba da damar haɗa ma'ajiya a wasu injinan tana kan 3090, amma an cire ta daga 4090.

Kada ka damu idan kati na biyu ya samu layuka takwas maimakon goma sha shida. Da zarar fage ya shiga cikin kati, zirga-zirgar kaɗan ce. Abin damuwa shi ne kauri. Yawancin katunan wasa suna cin gurbi uku ko fiye, suna kuma zubar da zafinsu cikin akwati, wanda ke sama yana shaƙar numfashin na ƙasa. Katunan ƙwararru sirara ne, gurbi biyu, fankarsu tana tura iska waje ta baya, shi ya sa ake iya jera huɗu. Auna tazarar ramukan allonka da tsawon akwatinka da tef kafin ka biya kuɗi.

Duba kuma ko injin rendarka yana goyon bayan katin. Cycles yana aiki da Nvidia ta CUDA da OptiX, da AMD ta HIP, da Intel ta oneAPI, da Apple ta Metal. Wasu injinan kuwa a Windows Nvidia kaɗai suka sani.

Mataki na shida: faifai

Wannan ba shi da tsawo. Faifan NVMe mai sauri ɗaya don tsarin kwamfuta da manhajoji, wani dabam don ayyuka da fayilolin wucin gadi, sai babban faifai ko ma'ajiyar sadarwa don adana abin da aka gama. Faifai mai sauri ba ya hanzarta lissafin haske, lokacin loda fage kawai yake ragewa. Kwafin ajiya a wani wuri dabam wajibi ne.

Mataki na bakwai: wuta da sanyi

Wasan kwamfuta yana hawa yana sauka, renda kuwa tana danne komai a ƙarshen ma'auni na awanni. Saboda haka yi lissafin wuta da mafi girman adadi. Threadripper na jerin 7000 wat 350 ne. RTX 4090 wat 450, 5090 kuma 575. Firosesa ɗaya da 4090 biyu sun kai 1,250 kafin a ƙara allo, RAM, faifai da fankoki. Akwatin wutar irin wannan inji bai kamata ya gaza wat 1,600 ba, kuma ya zama na kamfanin da aka sani. Duba ma ko layin wutar ɗakin zai ɗauki nauyin, kada ka jona shi a ƙaramar wayar ƙari tare da wasu kayan. Sa masa UPS da zai riƙe shi aƙalla har ya kashe kansa cikin tsari.

Duk wat ɗin da injin ya sha, zafi ne zai fito. Inji mai cin wat dubu yana ɗumama ɗaki kamar na'urar ɗumama ɗaki mai wat dubu, kuma babu fankar da za ta sanyaya firosesa ƙasa da iskar da take shaƙa. Murfin Threadripper dogo ne mai faɗi, cibiyoyin suna warwatse a ƙarƙashinsa, don haka na'urar sanyaya mai ƙaramin gindi za ta bar gefuna suna ƙuna. Nemi wadda aka ƙera don soket ɗin, mai gindin da ya rufe murfin duka, ko ta iska ce kamar Noctua NH-U14S TR5-SP6, ko ta ruwa. Ta iska ba ta da famfon da zai mutu ba ka sani ba, abin da yake da muhimmanci ga injin da ake bari shi kaɗai. Iska ta shigo ta gaba, ta ratsa RAM da sassan daidaita wuta na allo, ta fita ta baya da sama.

Ba na ba da shawarar tura firosesa fiye da ƙa'idarta a injin renda. Ribar 'yan mintuna ce, asarar kuwa firam ɗin dare guda. Akasin haka ma ya fi amfani: rage iyakar wutar kati da umarnin nvidia-smi, ko kunna Eco Mode mai wat 105 a kan 7950X, yakan rage zafi da ƙara sosai alhali saurin da ake rasawa kaɗan ne.

Mataki na takwas: haɗawa

Yi haɗin farko a kan tebur, allo a bisa kwalinsa, kafin ka sa komai a akwati. Taɓa ƙarfe tukuna don ka sauke cajin jikinka.

Sa Threadripper yana da tsarinsa. Firosesar tana zuwa a cikin wata 'yar firam ta roba mai launi, kada ka cire ta daga ciki. A kan murfin soket akwai noti uku masu lamba. Ka kwance su daga 3 zuwa 2 zuwa 1, ka ɗaga murfin, ka ɗaga sirdin da ke ƙarƙashinsa, ka zare robar kariya, ka zura firosesar a sirdin har ta zauna. Ƙarƙashinta akwai dubban ƙananan filoli masu laushi, in ɗaya ya lanƙwashe kana iya rasa hanyar RAM guda ko allon gaba ɗaya, don haka murfin da ke kare su shi za ka cire a ƙarshe, kuma kada komai ya faɗa ciki. Wajen rufewa, fara kama kowane noti da juyi ɗaya ko biyu, sannan ka ɗaure daga 1 zuwa 2 zuwa 3 da sukudireba mai auna ƙarfi, irin wanda yakan zo a kwalin firosesar, har ka ji ya yi ƙas. Ɗaurin da bai kai ba ko wanda ya karkata shi ne sanadin da ya sa wani lokaci za ka sa sanda takwas kwamfuta ta ga shida. In haka ta faru, kwance ka sake ɗaurawa kafin ka zargi RAM.

Man sanyaya a irin wannan faffaɗan murfi ba ɗigo ɗaya ake sawa a tsakiya ba. Yi ɗigo-ɗigo a wurare da dama, ko ka shimfiɗa shi siriri ya rufe ko'ina. Jona duk wayoyin wutar firosesa da allon ya tanada, ba guda ɗaya ba. Wayar kati mai fil 16 kuwa, tura ta har ta shige ƙarshe ta kama, kada a ga tazara ko kaɗan, kuma kada ka lanƙwasa ta dab da bakinta. Rahotannin narkewar wannan mahaɗi da suka fito a 2022 yawancinsu an danganta su da rashin shigarsa sosai.

Idan ka kunna karon farko allon kallo ya yi duhu na mintuna, kada ka kashe. DDR5 yana gwada kansa ne, kuma yawan RAM yana ƙara tsawon jiran. Bayan ya tashi, sabunta BIOS, ka tabbatar yana ganin duk cibiyoyi da duk RAM.

Mataki na tara: gwaji kafin aikin kuɗi

Bar MemTest86 ya zagaya RAM sau da yawa, ko da zai kwana yana yi. Kuskure ko ɗaya ba abin yafewa ba ne. Sannan ka sa Cinebench ya yi ta maimaitawa na aƙalla rabin awa, HWiNFO, mai nuna zafi da saurin cibiyoyi, a buɗe a gefe. Makin zagayen farko ba shi ne abin dubawa ba. Duba ko saurin cibiyoyi yana zamewa ƙasa bayan akwati ya ɗumama, domin hakan alama ce cewa firosesa tana rage gudu don kare kanta daga zafi. Ryzen 7000 an gina shi ya kai digiri 95 a ma'aunin Salshiyos a ƙarƙashin nauyi, wannan kaɗai ba matsala ba ne, matuƙar saurin bai faɗi ba. Kwatanta makinka da na masu irin firosesarka. In ka gaza su da yawa, koma ga sanyaya da jerin sandunan RAM. A ƙarshe, danna firosesa da katuna a lokaci ɗaya da fagenka na mataki na biyu, domin a nan ne akwatin wuta mai rauni yake tona kansa.

Mataki na goma: sa manhaja ta ci moriyar injin

Kada ka taɓa fitar da fim kai tsaye a matsayin bidiyo. Fitar da jerin hotuna, PNG ko OpenEXR, firam ɗaya fayil ɗaya. In wani abu ya tsaya a firam na 900, daga nan za ka ci gaba. Yi amfani da mai share ɗige-ɗigen hoto, kamar Open Image Denoise na Intel ko na OptiX, domin yana ba ka damar rage yawan samfuri, wato yawan hasken da ake lissafa wa kowane ɗigo, sosai. A Blender, kunna Persistent Data yana riƙe fage a RAM tsakanin firam da firam, wato yana yanke wancan ɓangaren shiri da ƙa'idar Amdahl ta yi gargaɗi a kai. Bishiya dubu kuma a yi su a matsayin instance, wato dukansu suna jingine da bayanin bishiya ɗaya, kada a kwafe ta sau dubu.

Ga mai cibiyoyi da yawa da gajerun firam, akwai dabarar da take dawo da abin da aka rasa: maimakon duk cibiyoyi su taru a kan firam ɗaya, buɗe manhajar sau biyu ba tare da fuskarta ba, kowace ta ɗauki rabin fim. Umarnin blender -b aiki.blend -s 1 -e 720 -a zai yi rabin farko, na biyu ya fara daga 721 zuwa 1440, kuma -t yana ƙayyade yawan zaren kowanne. Yayin da ɗaya take shiri, ɗayar tana lissafi. A inji mai soket biyu a Linux, sa numactl --cpunodebind=0 --membind=0 a gaban na farko, da lamba 1 a gaban na biyu, sai kowace firosesa ta tsaya a kan RAM ɗinta, ratsa gada ta ƙare. Sharaɗin shi ne RAM ya isa ɗaukar fagen sau biyu.

Wannan dabarar ce kuma take kai mutum ga inji na biyu. Idan renda tana hana ka aiki da rana, ƙara wa inji ɗaya ƙarfi ba zai warware ba. Ajiye mai saurin cibiya a teburinka, ka sa wani a gefe yana renda, dukansu suna karatu daga babban fayil ɗaya a kan sadarwa, mai gudun gigabit 10 in fagenka manya ne. A Blender, cire alamar Overwrite ka sa ta Placeholders, kowane inji zai tsallake firam ɗin da wani ya riga ya kama. In injinan sun haura biyu ko uku, Flamenco ko Deadline za su raba musu aiki. Kafin ka sayi na biyun, karanta sharuɗɗan lasisin injin rendarka: Cycles kyauta ne a kan inji ko nawa, amma V-Ray da Arnold da makamantansu suna ƙirga injinan da suke renda, kuma kuɗin lasisin kowane ƙarin inji dole ya shiga lissafinka tun farko.